Hannayen Auta

"Me ya kai ki nuna hannunki a talabijin, Auta?"

Ya ajiye wayar a kan keken ɗinkinta. Ga ta nan a ciki, ta ɗaga kumburarrun yatsunta tana yi wa 'yan jarida bayani.

Ta ɗago ta dube shi. Malam ne, malamin lissafin da ya shekara biyu yana zaman bencin shagonta, wanda in sanyin safiya ya ƙage mata yatsu shi ke saka mata zare a allura.

"Ai ka san da maganar, masoyina..."

"Na sani. Umma ce ba ta sani ba!"

Auta ta ajiye ɗinkin da ke hannunta.

Tun tana 'yar sha tara amosanin gaɓɓai ya kama ta. A layin asibiti ta haɗu da ire-irenta, tsofaffi da matasa, kullum suna rarrafa matakala zuwa hawa na uku inda likitansu yake. Ranar da wata tsohuwa mai wanki ta zame ta karya ƙugu, Auta ta tara su suka kafa ƙungiya. Buƙatarsu ɗaya: a sauko musu da ɗakin likita ƙasa.

"Wa ya nuna wa Umma?"

Ya sunkuyar da kai.

"'Yar ƙanwarta, wadda take nas a can. Ta ce wa Umma nan da shekara kaɗan a keke za a riƙa tura ki. Wai ko jariri ba za ki iya ɗauka ba."

"Ita da take gaishe ni har da tambayar jiki?"

"Na roƙi Umma har na durƙusa. Ta sauko, amma da sharaɗi. Ki bar ƙungiyar. Ki je ki ce mata kin warke."

"Na warke?"

"Magana ce kawai, rabin raina. In an ɗaura aure shi kenan..."

"In an ɗaura, ranar da na kasa buɗe murfin tukunya a gabanta fa? In ce mene ne?"

"Zan buɗe miki!"

Hawaye ya zubo mata, don ta san da gaske yake.

"Tsohuwar nan har yau tana kwance, Malam. Ni suka sa a gaba. In na ce na warke, na mai da su maƙaryata gaba ɗaya."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Kai ne komai nawa. Ka je ka faɗa mata haka nake, kuma haka kake so na."

Ya kawar da kai.

"Ba zan iya saɓa mata ba, Auta..."

Ya ɗauki wayarsa ya fita. Ta so ta riƙo gefen rigarsa, kafin gwiwarta ta yarda ta miƙe har ya tsallaka titi.

Bai sake dawowa ba. Daga bakin wata mai kawo ɗinki ta ji an sa ranarsa da nas ɗin. Ta kwanta ciwo, jikinta ya rikice, ko cokali sai yayarta ta riƙe mata.

Tana kwancen aka kira daga asibiti: shugaban asibitin zai gana da 'yan ƙungiyar.

"Ba inda za ki a haka," in ji yayarta.

"Ɗaura min ɗankwali, Yaya."

Maza biyu suka ɗaga ta a kujera har ofishin. Ta yi magana, ba ta ɓoye komai ba. Da ta gama, shugaban ya ce daga mako mai zuwa likitansu zai koma ƙasa, kusa da ƙofar shiga.

Ɗakin ya kaure da tafi da hamdala.

Auta ta haɗa hannayenta za ta tafa, yatsun suka ƙi. Ta ajiye su a cinya ta fashe da kuka.

"Ku ƙyale ta," in ji wani dattijo mai sanda, yana share ido. "Kukan murna ne."

Yayarta ta jawo kanta ta kwantar a ƙirjinta.