Kafin Dilenia Ta Cika Sha Shida

Tun rana ba ta gama fitowa ba Dilenia take tsugune a bayan gida tana ɓare ɗanyar ayaba, ruwan ayabar ya baƙanta mata yatsu, ga ƙunar mai ta jiya a bayan hannunta tana yi mata zugi. Ta riga ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta dafa kofi, amma ko kurɓi ɗaya ba ta kai bakinta ba, don a gidan nan sai kowa ya ƙoshi sannan a tuna da ita... gidan kuwa na mahaifinta ne, shi ya gina shi da guminsa a ƙauyen Los Guayabos kafin babbar mota ta take shi a kan acaɓarsa. Shekara ba ta zagayo ba ciwon suga ya tafi da mahaifiyarta. Ranar da aka gama addu'ar kwana tara da rasuwarta, Casilda ƙanwar mahaifin ta kwaso kayanta da 'yarta Belkis ta tare a gidan, tana share hawaye tana faɗa wa jama'a cewa ba za ta bar marainiyar ɗan'uwanta ita kaɗai ba. Mutane suka yi ta sa mata albarka.

"Ke Dilenia, ayabar ce har yanzu? Ko sai Belkis ta tafi da yunwa?"

"Na kusa gamawa, Gwaggo."

"Kullum kin kusa. Haka uwarki take, jiki kamar an jiƙa tsumma."

Dilenia ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan ɓawon ayabar. Zagin kanta tana iya haɗiyewa, amma duk ranar da aka taɓa mahaifiyarta sai ta ji kamar an sake binne ta.

Mutum ɗaya ya rage mata a duniya, yayarta Nurys, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, take aikin jinyar tsofaffi a New York. Nurys ba ta taɓa mantawa da ita ba. Lokaci zuwa lokaci takan aiko da durom cike da shinkafa da mai da sabulu da sutura, amma da zarar an buɗe shi a tsakar gida sai Belkis ta zaɓe duk abin da ya yi mata, a jefa wa Dilenia tsofaffin da Belkis ta gaji da su. Idan Nurys ta kira, Casilda ce ke riƙe da wayar, tana tsaye a kan yarinyar har a gama magana.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci wayar ta yi ƙara, Nurys ce, muryarta cike da murna.

"Gwaggo, na ga lauya. Ya ce idan na nema wa Dilenia izinin zuwa nan a matsayin ƙanwata, sai ta yi furfura tana jira. Amma tunda ba uwa ba uba, zan iya ɗaukarta a gaban kotu ta zama 'yata, in taho da ita. Sai dai ya ce mu hanzarta, a gama kafin ta cika sha shida. Ina ƙanwata? Dile, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya," in ji Dilenia cikin kuka.

Casilda ta yi wata dariya marar daɗi. "To ai da Belkis kika ɗauka, 'yar nan. Ita ce mai kan boko, ita za ta taimake ki a can. Wannan me ta sani ban da tukunya?"

"Gwaggo, Belkis tana da ke. Dile ba ta da kowa."

Daga ranar gidan ya zama wa Dilenia wuta. Casilda ta cire ta daga makaranta da sunan wai ba ta ja, ta haɗa ta da wankau a gidajen maƙwabta, abin da aka biya kuma hannun Casilda yake shiga. Belkis kuwa duk inda suka haɗu sai ta ja mata kunne: "Ba'amurkiya, a wanke mini takalmi kafin jirgi ya tashi." Dilenia sai ta ɗauki takalmin ta wanke. In ta samu sarari sai ta durƙusa gaban hoton Maryamu da mahaifiyarta ta bari a bango, ta ce, "Ya Ubangiji, kai ne uban marayu, ka ga halin da nake ciki. Ban roƙe ka ka cuci kowa ba, ka dai haɗa ni da yayata."

Cikin gidajen da take wa wanki akwai na Doña Tatica, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ita kaɗai ce ke zaunar da yarinyar ta zuba mata shinkafa da wake, ta shafa mata magani a hannu, tana kiranta jikata. Tsohuwar tana da sarƙar zinariya mai ɗan gicciye, wadda mijinta ya saka mata ranar aurensu, ba ta cire ta sai za ta yi wanka.

Ana saura kwanaki jami'ar kula da yara ta zo duba Dilenia don ta kai wa alƙali rahoto, Casilda ta shiga gaida Doña Tatica daidai lokacin da tsohuwar ke banɗaki, Dilenia kuma tana shanya a baya. Casilda ba ta daɗe ba ta fita. Da tsohuwar ta fito ta duba kan teburi, babu sarƙa babu alamarta. Kafin azahar Casilda ta tara unguwa da kururuwa, tana dukan ƙirji, tana cewa yarinyar nan ta zubar mata da mutunci, ai ta daɗe tana ɗauke-ɗauke a gida tana rufa mata asiri. Ta damƙi gashin Dilenia ta ja ta a ƙasa har gaban kantin unguwa, inda maza ke zaune suna buga wasan domino, ta yage mata riga wai tana bincike.

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah... ban ɗauka ba, ko taɓa ta ban yi ba. Kaka, ki faɗa musu, kin san ni."

Doña Tatica ta tsaya a bakin ƙofarta. "Jikata, da kin tambaye ni komai na gidan nan da na ba ki. Amma wannan? Ita kaɗai ta rage mini daga mijina." Ta juya ta shige tana kuka.

Casilda da kanta ta kai ta wurin 'yan sanda, da kanta ta ba da shaida cewa ta ga yarinyar tana cusa wani abu a ƙirji. Aka wuce da Dilenia gidan tsare yara mata da ke babban garin lardin. Da jami'ar kula da yara ta zo, can ta same ta, ta dube ta da tausayi ta ce maganar kotu ta tsaya sai an ga ƙarshen wannan, kuma ko an yi riƙon, yarinyar da ke da tabon sata da wuya a ba ta izinin shiga ƙasar mutane. Wayyo marainiya! Ga ranar haihuwarta tana ƙaratowa, ga ta a bayan katanga.

Amma duk wannan bai karya ta ba kamar ranar da aka kira ta ofis aka miƙa mata waya. Nurys ce, muryarta a dishe, don Casilda ta riga ta cika mata kunne.

"Dile, ni ce yayarki, ba zan ƙi ki ba ko me kika yi. Ki faɗa mini gaskiya kawai... kin ɗauka?"

Dilenia ta ƙara matse wayar a kunnenta. Can ta ce a hankali, "Yaya, har ke?" Ta ajiye wayar ta koma ɗaki, ta kwanta ta juya wa bango fuska. Daga ranar ta daina cin abinci sai an matsa mata, zazzaɓi ya kama ta, ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Addu'arta ma ta canza, ta koma cewa, "Ya Ubangiji, in tafiyar ba rabona ba ce na haƙura, amma kada ka ɗauki raina da sunan ɓarauniya."

A can kuwa Nurys ta kasa sukuni. Kalmomin nan guda uku suka hana ta aiki, suka hana ta barci. Ta roƙi hutu a wurin aikinta aka hana, ta ce to su nemi wata, ta hau jirgi ba tare da ta sanar da Casilda ba. Daga filin jirgi gidan tsare yaran ta wuce. Da aka fito mata da Dilenia ba ta gane ta ba sai da ta yi magana. Nurys ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafunta.

"Ki yafe mini, 'yar'uwata. Bakina ne ya tambaya, amma da na ga hannuwan nan naki tun farko da ban tambaya ba. Wa ya yi miki haka? Ina kayan da nake aikowa?"

Sai a ranar Dilenia ta buɗe baki ta faɗi komai, tun daga ranar addu'ar tara. Suka yi kuka har mai gadin ƙofar ta juya baya tana share ido. Amma kuka ba ya buɗe ƙofa. Lauyan da Nurys ta ɗauka ya ce muddin ba a ga sarƙar ba, shaidar Casilda tana nan daram.

Ana cikin haka bikin waliyyin babban garin ya zo, jama'ar ƙauyuka suka cika tituna, ana zagayawa da kyandir da ganguna. Belkis, wadda ta daɗe da gano abin da uwarta ta ɗinke a cikin katifa, ta farke ɗinkin ta zaro sarƙar ta saka a jaka, sai da ta bar ƙauye sannan ta rataya ta a wuya, don tana son wani saurayi mai kiɗa ya gan ta da zinariya. A ganinta wa zai lura a cikin wannan taro? Ba ta san Doña Tatica ta yi alkawarin bin zagayen bana da ƙafa ba, don roƙon a dawo mata da abin da ta rasa. A daidai ƙofar coci tsohuwar ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan ɗan gicciyen da ta shekara arba'in tana sumbata. Ta miƙa hannu ta riƙe sarƙar gam.

"Wannan tawa ce. A ina kika same ta?"

"Sake ni, tsohuwa, saurayina ne ya saya mini."

"To ya zo ya faɗi sunan da ke rubuce a bayan gicciyen."

Mutane suka kewaye su, wani ya juya gicciyen ya karanta sunan marigayi mijin Doña Tatica da ƙarfi. Belkis ta ga ɗan sanda yana ratso taron, sai ta fashe da kuka. "Ba ni na sata ba, Mama ce! A katifarta na gani. Ita ta ce in aka kulle Dilenia, Yaya Nurys za ta gaji ta ɗauke ni."

Kafin yamma labari ya riga Belkis isa Los Guayabos. Da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida, Casilda ta fito tana rantse-rantse, tana tsine wa 'yar da ta haifa, aka wuce da ita ta gaban kantin nan da ta yi wa marainiya tsirara, matan unguwa suna biye suna yi mata ihu. Kotu ta ɗaure ta kan sata da shaidar zur, aka kuma mayar wa Nurys da Dilenia gidan ubansu. Belkis ta kasa zama a ƙauyen don kunya, ta tattara ta koma wurin dangin ubanta, ko sau ɗaya ba ta je duba uwar ba.

Ranar da aka saki Dilenia, Doña Tatica na tsaye a bakin ƙofa cikin rana. Tsohuwar ta yi niyyar durƙusawa, yarinyar ta yi maza ta tare ta.

"Kaka, kada ki yi haka. Ke ma cutarki aka yi."

"Na juya miki baya a ranar da kike kirana, jikata. Da wane ido zan dube ki?"

"Da wanda kike dubana in kina zuba mini shinkafa," in ji Dilenia, ta kwantar da kanta a kafaɗarta.

Nurys ba ta koma ba. Ta zauna a gidan ubansu tana jinyar ƙanwarta, tana zarya tsakanin lauya da jami'ar kula da yara, wadda a wannan karon ta tsaya musu tsayin daka. Ana gab da ranar haihuwar Dilenia suka tsaya gaban alƙaliya, wata dattijuwa mai farin gashi. Ta saurari kowa, sannan ta cire tabarau ta dubi yarinyar.

"'Yata, kin yarda wannan matar ta zama mahaifiyarki a gaban hukuma?"

"Na yarda, ranki ya daɗe."

"To yanzu me za ki riƙa kiranta, Mama ko Yaya?"

Dilenia ta dubi Nurys, hawaye na bin kumatunta, amma a karon farko tun rasuwar iyayenta murmushi ne a bakinta. "Mama tana kabari, ranki ya daɗe, ba zan ba kowa sunanta ba. Wannan Yayata ce... ta ishe ni."

Alƙaliyar ta sa hannu. Sauran hidimar izinin tafiya ta ɗauki watanni, Nurys ta sha wahalar neman sabon aiki daga nesa, amma a ƙarshe komai ya kammala. Da safen da za su tashi suka biya maƙabarta, suka share kaburburan iyayensu, suka ajiye furanni. Nurys ta dafa kan ƙanwarta ta ce, "Baba, Mama, ga amanarku na karɓa." Sannan ta kama hannun Dilenia suka nufi motar da ke jiransu a bakin hanya.

Yau Dilenia tana karatun aikin jinya a can, tana kwana a ɗaki ɗaya da yayarta, babu mai tashinta da zagi. Haka Allah ya share hawayen marainiyar Los Guayabos, ya bar wadda ta zalunce ta da abin da hannunta ya shuka.