Altanetar Marigayiya

Shekara ashirin Sufeto yana aiki, bai taɓa jin ɓarawon da ya ɗauke tsohon abu ya ajiye sabo ba sai ranar.

Tsohon Direba ne ya kawo ƙarar da hantsi. "Yallaɓai, an sace altanetar jif ɗina, mai cajin batir. An ɗaura min wata sabuwa fil, ni kuwa tawa nake so."

Kofur ya kusa yin dariya, Sufeto ya harare shi. Ya san jif ɗin nan mai ja da ƙafa huɗu. Ita ta ratsa taɓo ta kai mahaifiyarsa asibiti wata damina, lokacin ko takalmi bai iya ɗaurawa ba.

A garejin gidan tsohon ya ɗaga bonet. Warin man dizal da tsohuwar kujera ya mayar da shi baya, har sai da ya yi gyaran murya.

"Baba, me ya sa ka damu da tsohuwar?"

"Marigayiya matata ce ta sayar da keken ɗinkinta ta saya min. Da hannunta ta shafa mata shuɗin fentin da ya rage a ƙofarmu."

Sufeto ya duba kwaɗon garejin. Ba a ɓalle shi ba. Ya kira 'yar tsohon.

"Wa kika ba makulli?"

"Ni? Ban ma san inda Baba yake ajiye shi ba."

Ta faɗa tana kallon ƙusar bayan ƙofa, inda makullin yake rataye.

Ya koma kan injin. Wanda ya zaɓi sabuwar nan ba ɗan koyo ba ne. Ya samo mai fanfo a baya, wanda birkin irin wannan mota ke dogara da shi, ƙafafunta kuma sun zauna daidai ba tare da an goge ƙarfe ba. Kowane noti an ɗaure shi da siririyar waya, an murɗa ta hagu. Mutum ɗaya ya rage a garin mai wannan aikin.

Ya iske Bahago, tsohon makaniki, a bakin rumfarsa yana wanke sifana.

"Yaushe rabonka da jif ɗin abokinka?"

"Wata uku, ranka ya daɗe."

"To wa ya koya wa ɓarawo murɗa waya hagu?"

Bahago ya kalli hannunsa na hagu. Can ya tashi ya buɗe akwatin kayan aiki. Ga tsohuwar altanetar nan a naɗe cikin tsumma mai tsabta, shuɗin fentin duk ya koɗe.

"Sau huɗu ina sake mata kwayil," ya ce. "Yanzu fanfon ya mutu, birki sai an taka da ƙafa biyu. Na faɗa masa, ya ce sai dai a binne su tare. Ga shi jibi zai kwashi jikoki su hau hanyar tudu. 'Yarsa ta miƙo makulli, ni na yi aikin. Ku rufe ni, yallaɓai. Gara ya daina gaishe ni da in je masa gaisuwar jikoki."

Tausayi ya kama Sufeto, amma ƙara ƙara ce. Ya tasa ƙeyar Bahago zuwa gidan.

Tsohon Direba ya karɓi altanetar ya shafa fentin da yatsa. Ya dubi jikokinsa da ke wasa a tsakar gida, sannan ya dubi abokinsa.

"Ɓarawo," ya ce. "Shiga baya, ni zan kai ka ofishin in janye ƙarata."

Sufeto ya kama ƙofar gaba zai shiga.

"A'a, ɗana, kai ma baya. Nan wurinta ne."

Ya ajiye tsohuwar altanetar a kujerar gaba, ya gyara mata tsumma. Da suka zo kwanar farko ya taka birki da ƙafa ɗaya, motar ta tsaya cak.