Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Al'amarin ya fara ne wata Alhamis, ranar kasuwar dabbobi ta Duz, wani gari a bakin hamada, ana tsakiyar yankan dabino. Bayan azahar wasu mata masu neman itace suka tarar da gawar Mabruk, makiyayin raƙuma, a bayan wani tudun rairayi kudu da gari.

Sufeto Monsef ya isa wurin yana jan ƙafarsa ta hagu, wadda gwiwarta ta daɗe tana ba shi wahala. Ya jima a aikin nan har gawa ta daina firgita shi, sai dai ta ƙara masa gajiya. Ya yi wa mamacin addu'a a hankali, sa'an nan ya dubi ƙasa.

Mabruk ya kafa sandarsa ne, ya rataya mayafi, ya kwanta ƙailula a gindin tudun kamar yadda makiyaya suka saba. Mota ta hauro ta baya ta sauko a kansa. Sawun tayoyinta siriri ne, ya kuma nutse ƙwarai.

"Wanda ya tuƙa motar nan bai rage iskar taya ba kamar yadda ake yi kafin a shiga yashi," in ji Sufeto.

Saje Hedi, mataimakinsa, ya share gumi. "Yallaɓai Si Monsef, ko ya rage ko bai rage ba, Mabruk dai ya tafi. Ni kuwa ko abincin rana ban gani ba."

"Kuma bai tsaya a kan tudun ya leƙa ba kafin ya sauko," Sufeto ya ci gaba.

Da suka koma ofis suka iske Lazhar zaune a benci, ƙafafunsa buɗu-buɗu da ƙura. Dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai wa makiyaya ruwa da sha'ir cikin hamada da tsohuwar a-kori-kurarsa.

"Ni na take Mabruk," ya ce. "Motar tana gida. Ga makulli."

"Ammi Lazhar, da ƙafa ka zo?" in ji Sufeto. Ammi, wato baffa, kowa ke kiran dattijon don girmamawa.

"Ƙafar ai tawa ce."

"Ka tsaya a kan tudun?"

"Na manta."

"Iskar taya fa?"

"Na tsufa, ɗana. Ka daina wahalar da ni."

Hedi ya kai shi bayan kanta ya dawo fuska a sake. "Alhamdu lillahi, wannan ta zo da sauƙi. Kowa ya san rigimarsu ta bara a kan rijiya. Mu miƙa shi kotun Kebili mu huta."

Amma Sufeto bai gamsu ba. Ya san cewa da zarar alƙali ya ji labarin rijiyar, maganar za ta tashi daga haɗari ta koma kisan ganganci. Lazhar kuwa, da ciwon sukarinsa, idan ya shiga kurkuku gawarsa ce za ta fito.

Washegari da sassafe ya je ɗauko motar. Nizar ne ya buɗe masa ƙofa, ɗan Lazhar ɗaya tilo, wanda ya tashi a gidan kawunsa a birnin Safakis, ya zo taya yankan dabino.

"Ka hau motar nan jiya?"

"Ni? Tun da na zo ban taɓa ta ba. Ƙaramar mota na saba da ita."

Bambar gaba ta ɗan lotsa. Sufeto ya shiga ya tayar da inji. Nan take wata 'yar koriyar fitila mai zanen tayoyi huɗu ta fara ƙyaftawa a gabansa. Ita ce ke nuna cewa giyar yashi, wadda ke sa tayoyin gaba su ja tare da na baya, tana aiki. Ya duba ƙaramin sandan giyar, ya ga an riga an mayar da shi wurinsa na tafiyar kwalta. Da ya hau titi sitiyari ya yi tauri, tayoyi suna kuka a kowace kwana.

Hannunsa ya kai ga ribas bisa sabo, sai ya janye shi. Ya nufi garejin Sahbi.

Sahbi bakanike yana shan shayi a kan wata tsohuwar taya. "A'a, hukuma da kanta! Gwiwar ce za a sauya, ko har yanzu ana lallaɓa ta?"

Bai jira amsa ba, ya buɗe akwatin fiyus ya duba. Ya bi waya da yatsa har ƙarƙashin mota, ya kwance makunnin fitilar ya gwada, ya mayar. Ya fito yana nishi.

"Fiyus lafiya, waya lafiya, makunni lafiya. Fitilar ba ƙarya take yi ba. Tayoyin gaban ne suka ƙi saki."

Sufeto ya gangara da motar kan turɓaya, ya sa ribas, ya ja baya kaɗan. Aka ji ƙas daga ƙasa. Fitilar ta mutu.

"Wa ya koya maka wannan, Sahbi?"

"Wanda ya koya maka. Ammi Lazhar ko amalanke ya turo daga yashi sai ya ja shi baya kafin ya hau kwalta." Ya fara dariya, sai ya katse ta nan take.

"Ka ga motar nan jiya?"

"Ban gan ta ba."

"Na shigo ban ce maka komai ba, ka wuce kai tsaye wurin fiyus. Yaushe ka fara duba?"

Sahbi ya zauna a kan tayarsa. "Nizar ne. Ya zo gab da azahar, wai in cire masa ƙwan fitilar don kada babansa ya gani. Na ce masa ba ƙwai ba ne, ya yi baya kawai. Ko saurarena bai yi ba, ya fizgi mota." Ya sunkuyar da kai. "Si Monsef, uban ne ya ba ni sufanata ta farko."

"Na sani. Shi ya sa nake so ya mutu a gidansa."

Kafin a tafi masallacin Juma'a Nizar ya kawo wa mahaifinsa kuskus a ofis. Sufeto ya sa aka fito da dattijon tsakar gida domin ya sha iska. Shi kuwa Sufeto ya riga ya sa giyar yashi, ya zagaya da motar a kan kwaltar harabar har tayoyin gaba suka ɗaure, ya mayar da sandan. Fitilar ta koma ƙyaftawarta.

"Nizar, taimaka mini. Gwiwata ta ƙi. Shiga ka kashe mini fitilar nan, ta ishe ni."

Nizar ya shiga. Ya tura sandan gaba, ya dawo da shi. Ya kashe inji ya sake tayarwa. Ya bubbuga gilashin da fitilar ke ciki da tafin hannu, gumi yana sauko masa.

"Ba ta mutuwa. Haka ta yi ta yi mini tun daga..."

Lazhar yana tsaye a inuwa, ya runtse ido. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma abin da ya shekara yana faɗa wa 'ya'yan mutane ya fi ƙarfin bakinsa.

"Yi baya, ɗana," ya ce a hankali. "Baya kaɗan."

Nizar ya kifa kansa a kan sitiyari ya fashe da kuka.

"Ni ne, Si Monsef. 'Yan uwana ne suka dame ni a gona, wai ɗan kwalta, wai ɗan Lazhar bai san yashi ba. Na ɗauki motar in nuna musu. Wallahi ban gan shi ba sai da na sauko. Na duba, ba ya numfashi, tsoro ya kama ni na gudu. Da na faɗa wa Baba ya ce in rufe bakina, shi ya riga ya ci zamaninsa."

Hedi ya zo da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, sai Hedi ya kama hannun Nizar kawai ya shiga da shi ciki.

"Ka ɓata mini aiki, Monsef," in ji Lazhar.

"Da kai ne, Ammi, da an ce rijiya ce. Shi kuwa ba shi da rigima da kowa. Haɗari ne da gudu, zai yi zamansa ya fito, in Allah ya so. Ƙaryar da ka yi mini jiya kuma ban ji ta ba, na gaji a lokacin."

Dattijon ya daɗe yana kallon motar, fitilar tana ta ƙyaftawa.

"Laifina ne. Na koya wa rabin garin nan, ban koya wa nawa ba."

Sufeto ya miƙa hannu ya kashe injin. "Motar za ta zauna a hannunmu sai an gama shari'a. Bari Hedi ya kai ka gida."

"Ba gida za ni ba." Lazhar ya gyara rawaninsa. "Raƙuman Mabruk ba su sha ruwa ba tun jiya, 'ya'yansa kuma ƙanana ne. Ni zan yi musu kiwo har su girma."