Gadon Fayif a Motar Auta

Ranar Juma'a da la'asar motar ta shigo da baya-baya har bakin ƙofa, Auta ya buɗe bayanta ya fara jido. Dogayen fayif ya jingina su a bayan kujerar falo. Akwatin sufana ya tura shi ƙarƙashin tebur. Kwanon bayi sabo fil, na wani gida da zai haɗa ranar Litinin, ya dire shi a gaban talabijin.

Matarsa na kan keken ɗinki, ba ta ɗago ba.

"Gobe kuma ta waye?"

"Yaya Babba. Kaji ne kawai, Madam, kasuwa za mu kai mu dawo."

"Kaji ne kawai. Wancan makon gadon 'yar Anti ne kawai. Na gabansa buhunan Kawu ne kawai."

"To ya zan yi? In ce a'a?"

"Gwada mana, Injiniya. Ba a taɓa kwantar da mutum a asibiti don ya ce a'a ba."

Auta mai aikin famfo ne, shi ne ƙarami a ɗakin Inna, kuma tun yana yaro ba a taɓa aikensa ya noƙe kafaɗa ba. Da ya sayi motar kayan, doguwa fara mai rufaffen baya, alkawarin da ya yi wa matarsa shi ne, Litinin zuwa Juma'a ta aiki ce, Asabar kuwa tasu ce su biyu, su tafi bakin ruwa da filas ɗin shayi. Da wannan niyya ya shimfiɗa kafet a bayan, ya ɗaura 'yar fanka, ita kuma ta ɗinka labule. Abin da ba su hango ba shi ne, duk gyaran da ya yi domin matarsa, dangi ya gyara wa. Anti ta gano kafet ba ya barin kayan katako su goge. Yaya Babba ya gano kaji ba sa mutuwa a hanya idan akwai fanka. Tun da kuwa sai an kwashe kayan aiki kafin nasu su shiga, rabon ya tsaya haka: dangi su tafi da mota da direba, ita a bar mata fayif.

Ta yi fushi, ya ba ta haƙuri. Ta yi kuka, ya sayo mata turare. Ta yi shiru, ya ɗauka an wuce wurin.

Ran Lahadi, bayan ta wanke labulen daga ƙarnin kaji, ta ɗauki tef ɗinta na awo ta shiga motar. Ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta auna akwatin sufana. Suna cin abinci ta ce,

"Jidon nan fa zai kashe maka baya. Me zai hana ka ɗaga ƙasan motar, ka yi durowa a ƙarƙashi, kayan aiki su zauna wurinsu dindindin, katifa a sama?"

Ya ajiye cokali. "Wato ba sauke, ba lodi? Kai, Madam, ashe ke ce injiniyar."

Ko ya gane abin da hakan ke nufi ga kajin Yaya, bai nuna ba. Ita ma ba ta tsawaita bayani ba.

Kullum ya taso aiki sai ya hau haɗi. Ƙafafun gadon da fayif masu kauri ya yi su, don su ya sani, kafintan layinsu kuma ya yi durowoyin. Sai dai hannun mai famfo ba ya haɗa fayif biyu bai shafa gam ba.

"Malam, gado ne fa," in ji kafinta, "ba ruwa ne zai bi ta ciki ba. Bar shi yadda za a iya kwancewa."

"Haɗin da ba gam ai ba haɗi ba ne."

Fayif kuwa in ya sha wannan gam ba ya sake rabuwa, sai dai da zarto.

Labari ya kai gidan Yaya Babba kafin gam ɗin ya gama bushewa. Ranar Juma'a ya zo, ya ɗauko Inna don ta zama shaida. Ya leƙa bayan motar. Tsakanin katifa da rufi, ko kejin kaji ɗaya ba zai tsaya ba.

"Wannan kuma me ke nan? Otal ka buɗe?"

"Durowa ce, Yaya, saboda kayan aiki..."

"Kayan aiki da matashin kai? Inna, kin gani da idonki. Na faɗa miki an shanye yaron nan. Mu da muka goya shi, yau an fi son kajinmu su tafi kasuwa a ƙafa. Cire shi. Gobe da sassafe nake son motar."

"Ba ya ciruwa, Yaya. Na sa gam."

"Ba ka da zarto?"

Yana da zarto. Yana cikin durowa ta biyu, a wurin da matarsa ta auna masa. Ya jawo shi a hankali, kamar mai fatan wani ya hana shi. Inna na zaune a kan kujerar roba a inuwa.

Matar ta shiga ciki ta fito da akwatinta, ta ajiye a gefen taya. Ta gaishe da Inna har ƙasa, ta gaishe da Yaya, sannan ta juya ga mijinta. Muryarta ba ta tashi ba, amma hawaye sun riga sun sauko har haɓarta.

"Yanka, Injiniya. Ni ba zan raba ka da 'yan uwanka ba. Alfarma ɗaya nake nema. Tun da motar ta dangi ce, ni ma a ɗauke ni kamar kaya, ka sauke ni gidanmu kafin ka je ɗaukar kajin. Can aƙalla akwai wurin zama a falo."

"Ka ji ko?" in ji Yaya Babba. "Barazana. Yanka mu gani."

Auta ya durƙusa ya ɗora zarton a kan ƙafar farko. Ya ja sau ɗaya, farin gari ya zubo a kan kafet. Ya tsaya. Ya kalli tsagar, ya kalli akwatin, ya daɗe a haka, har Yaya ya fara kaɗa makullin babur a yatsa.

Sai ya mayar da zarton durowa ya tura ta.

"Yaya, ka yi haƙuri. A'a."

"Me ka ce?"

"Duk abin da zai shiga ranar aiki, in ina kan hanya, zan kai maka. Mai a-kori-kura na bakin titi kuma zan yi masa magana, mutumin kirki ne. Amma Asabar na riga na bayar da ita tun ranar da na sayi motar. Ban dai taɓa kai wa mai ita ba."

Gumi ya jiƙa masa riga kamar wanda ya haƙa rami. Yaya Babba ya juya.

"Inna, kina ji yana faɗa mini a'a?"

"Ina ji. Na ɗauka ma bai iya kalmar ba." Ta gyara mayafinta. "Kai Babba, zanen aro ba ya rufe katara. Kafin ƙanenka ya sayi mota, kajinka tashi suke yi zuwa kasuwa? Zumunci ba shi ne a kwashe gidan wani a zuba a naka ba."

Yaya ya ce shi ke nan, an nuna masa iyakarsa, ya hau babur. Bai manta ya tambayi lambar mai a-kori-kurar ba kafin ya tayar.

Inna ta yafito surukarta. "Mayar da akwatin nan, 'yata. Kin yi haƙuri, haƙurinki kuma ya biya. Amma da kin zo kin faɗa mini tun farko, da ba a kai ga zarto ba. Haƙuri daban, ƙunshe magana daban."

"Na gode, Inna."

Tsohuwar ta miƙe, ta leƙa motar, ta danna katifar da tafin hannu.

"Laushi. Ni ma fa ban taɓa ganin bakin ruwan nan ba."

Miji da mata suka daskare.

"Ba gobe ba," in ji Inna. "Ku dubi fuskokinku."

Washegari da hantsi suka isa. Auta ya juya motar ta ba wa ruwan baya, ya buɗe ƙofofin biyu, iska ta shigo. Ta zuba shayi kofi biyu. Akwai maganganu da yawa da ta tara tun ranar da aka sayi motar, ta ma tsara wadda za ta fara da ita. Ya ce bari ya ɗan gwada katifar ya ji ko ƙafar da ya tsaga tana motsi.

Kafin ta rufe filas ya fara minshari.

"Injiniya."

Minshari ya ci gaba.

"Injiniya, wallahi ba ka isa ba."

Ta zauna tana kallonsa, bakinsa a buɗe, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ta ja tsaki. Rana ta fara hawa fuskarsa, sai ta matsa ta zauna ta inda inuwarta za ta rufe shi, ta shanye shayinta, ta ɗauki nasa.