Ƙirgen da Ya Wuce Sifili

Ga ta nan, ga ta nanku. In kun ce ta zo mu ji ta, to ga ta, amma ku bar fitila a kunne.

Akwai wani mutum mai aikin motsa hoto a kwamfuta, irin rubutun nan da lambobi da kuke gani suna juyi kafin a fara shiri a talabijin. Abokan aikinsa suna kiransa Minti Ɗaya, don ko me ka tambaye shi, amsarsa ke nan, idonsa na kan allo. Ofishinsu ɗaki ne a saman bene, mai tebur huɗu, da fanka mai kuka, da dogon labule da ya rufe taga har kusan ƙasa.

A wannan makon aka ba shi aikin agogo mai ƙirgawa daga goma zuwa sifili, na buɗe wani shiri. Aiki ne ƙarami, sai dai mai aikin ba ya gamsuwa. Yau ya ce ja, gobe shuɗi, jibi ya ce ƙirgen ya yi sauri. Minti Ɗaya ya gaji har cikin ƙashinsa.

Yadda ake yi shi ne a kafa alama biyu a kan layin lokaci, kamar turaku: ɗaya a farko ta ce goma, ɗaya a ƙarshe ta ce sifili, kwamfuta ta cike tsakani. Shi kuwa da ya gaji da matsar da su kullum, sai ya tuge su, ya rubuta wa manhajar umarni cewa duk daƙiƙa ta rage ɗaya. Ya san wannan hanyar ba ta da birki. Ya ce zai sa daga baya.

Ran nan matarsa tana aikin yamma a asibiti, don haka ya taho da 'yarsu ofis daga makaranta. Mage yake ce mata, saboda ba lungun da ba ta shiga. Ita ta mai da agogon wasan ɓuya. Da ya danna gwaji, lasifika ta fara ƙas, ƙas, sai Mage ta ruga ta ɓuya. In an kai sifili sai ya ce, "Ga ni nan zuwa," ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya kamo ta, ko juyowa ba ya yi.

Rana ta yi ja. Abokan aiki duk sun watse.

"Abba, igiyar takalmina ta kwance."

"Minti ɗaya."

"Mintinka ya fi na kowa tsawo. Umma ma ta faɗa."

"Ke da Umman taki kun haɗa mini kai. Je ki ɓuya, wannan ne na ƙarshe."

Ya ja layin lokacin ya ƙara masa tsawo sosai, don mai aikin na son kiɗa a baya. Ya danna gwaji. Ta ruga, igiya na jan ƙasa. Sai ya tuna bai gaya wa maigadi kada ya kulle ƙofar bene ba. Ya sauka yana murza ido.

Maigadin dattijo ne, yana ɗauraye butarsa a bakin ƙofa.

"Baba, a bar mini ƙofa, saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan. Amma ɗana, ka sallami yaran nan haka, magariba ta yi. Kar su karya bene."

"Yarinya ɗaya ce, Baba."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi silin. "To ƙafafunta na da yawa."

Ya hau yana cewa tsufa ne. A tsakiyar matakala ya fara jin ƙas, ƙas. Bai kamata a ce har yanzu ana ƙirgawa ba.

Ɗakin ya yi duhu, sai hasken allo. Fankar ta yi shiru, ga shi kuwa tana juyawa. Wani wari ya cika wurin, irin na akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya dubi allon. Agogon ya wuce sifili tuni. Lambobi na ta hawa, kowace da ɗan layin ragi a gabanta. Ƙirgen ya faɗa ƙasa da babu, yana ta nutsewa.

"Mage, fito mu tafi gida."

Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ba kowa. Bayan kabad, bayan ƙofa. Jakar makarantarta na nan a kan kujera, a buɗe.

"Mage."

"Abba."

Muryar ta taso daga bayan labule, amma can nesa, kamar daga gindin rijiya. Ya yaye labulen. Taga ce kawai, da gilashi mai sanyi.

Ƙas.

"Abba, ba ka gama ƙirga ba."

Ta fi ɗazu nisa.

Ya yi ta'awwuzi. Hannunsa ya kai kan wayar wuta zai fizge.

"Kar ka kashe," in ji ta, da ƙyar yake ji. "Sun ce in an kashe, ba a gama ba. Mai ɓuya ba ya fitowa sai an gama."

Wata dariya ta biyo baya, ƙasa-ƙasa, ta yara da yawa masu toshe baki.

Ya saki wayar. Ya zauna. Ya danna tsayawa, ƙirgen ya ƙi tsayawa. Ya kama linzamin kwamfutar, ya ɗora a kan tsinken da ke tafiya bisa layin lokaci, ya fara jan sa baya.

Nauyi gare shi. Kamar mai jan guga cike. Ya haɗa hannu biyu, gumi na zuba a idonsa. Lambobin suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya.

Da kowace lamba, taku na matsowa.

Ba na mutum ɗaya ba.

Sanyi ya taɓa ƙeyarsa. Wani yana numfashi kusa da kunnensa, numfashi ƙarami, mai warin ƙasa.

"Ƙara mana minti ɗaya," aka raɗa masa. Da muryarsa aka faɗa, har da gajiyar.

Bai juya ba. Saura uku. Saura biyu. Yatsunsa sun sandare. Ɗan layin nan ya ɓace, sifili ya cika allo. Ya goge umarninsa, ya kafa alama a wurin, ya danne ta.

Shiru.

Ya ce, "Ga ni nan zuwa."

Ya juya. Labulen ya rufe da kansa, ya yi tudu-tudu daga wannan bango zuwa wancan. A ƙasansa ƙafafu ne jere, ƙanana, sun fi ƙarfin ƙirge. Kowace da farar safa da baƙin takalmi irin na Mage, har da gogewar da ke kan yatsan hagu.

"Abba," suka ce, baki ɗaya.

Ya san hannu ɗaya zai miƙa. Wadda ya kamo, ita zai kai gida.

Ya durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara. Ya bi jeren da ido a hasken allo, a hankali, abin da bai yi ba duk yinin nan. Takalma tsaf, kowane da igiyarsa ɗaure, ɗauri mai kyau, kamar wanda uban kirki ya ɗaura.

Can kusa da bango, igiya ɗaya na kwance a ƙasa, bakinta ya yi datti.

Ya cafke idon sawun. Da ɗumi.

Ya fizgo ta, ya rungume. Labulen ya faɗa jikin taga, ba komai a bayansa. Bai tsaya ɗaukar jaka ba, bai tsaya ɗaukar wayar salularsa ba. Ya sauko matakala yana jin taku a bayansa har hawa na ƙarshe, nan suka tsaya.

Maigadi ya dube su. Ya tura masa benci da ƙafa. Mutumin ya zaunar da 'yarsa, ya durƙusa a gabanta ya ɗaure igiyar. Sai da ya sake ɗaurin, ya sake.

"Kin ji tsoro?"

"A'a. Gajiya na yi." Ta yi hamma. "Su ma sun gaji, Abba. Wani ne ya ce su ɓuya, ya fara ƙirga, sai aka kira shi."

Washegari, da rana tsaka, ya cire labulen ya ba maigadi ya ƙona. Ya miƙa aikin, mai aikin ya ce a mai da shi ja kamar na farko, ya mayar. Tun daga ranar, in zai haɗa agogo, alamar sifili yake fara kafawa kafin ta goma, kuma rana ba ta faɗuwa yana ɗakin. Sunan ya bi shi, amma shi ya daina cewa minti ɗaya. In Mage ta ce "Abba," kujerar gaba ɗaya yake juyowa.

Ita kuwa ta bar wasan ɓuya. Takalminta ma, ko an ɗaure mata, sai ta faki ido ta kwance igiya ɗaya. Uwarta na faɗa, shi yana cewa a bar ta.

Ƙurunƙus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, a tuhumi gizo, ni yadda na ji na ba ku.