Moisés Yana Jiranka

"Sake kunna shi," in ji Sherifa.

Hamdatu ta sake danna wayar. Muryar mace ta cika ɗan shagon kitson da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta unguwar Barking, murya mai zaƙi da sauri, cikin Sifaniyanci.

Sherifa mai shagon ta ajiye kibiya, ta sauke numfashi.

"Hamda, ni fa ba na son shiga tsakanin miji da mata..."

"Don girman Allah ki faɗa min! Ke kaɗai na sani mai jin yaren nan."

"To. Cewa ta yi, masoyina, Moisés yana nan yana jiranka. Ka zo ranar Asabar ka ɗauke shi. Kada ka gaya wa matarka."

"Waye Moisés?"

"Musa ke nan a bakinmu. Sunan yaro ne."

Hamdatu ta dafe cikinta ɗan wata takwas. Yau ce Asabar ɗin. Da asuba mijinta Abdul-Ganiyu ya sumbaci goshinta, ya ce kamfanin bas ɗin da yake tuƙa wa ya tura shi horo Manchester. Bayan fitarsa ta buɗe kwamfutar da suke amfani da ita tare, sai ga booking ɗin jirgi zuwa Almería, ga kuma wannan saƙon murya daga Nuria, ta tura shi wayarta.

Ta san sunan. A Almería, garin masu Sifaniyanci, aka haifi Abdul-Ganiyu. Mahaifiyarsa 'yar zangon Kumasi ce, ta je aikin gonakin tumatir da ƙaramin ciki, ta rasu yana shekara huɗu. Maƙwabciyarta, Mama Pilar, ita ta riƙe shi tare da 'yarta Nuria. Hausa da karatun Alƙur'ani a wurin 'yan Ghana na masallacin garin ya same su.

"Ai ƙanwarsa ce..." Hamdatu ta kalli Sherifa.

"Ƙanwa ta ina? Nono ɗaya suka sha? Nima can na girma, Hamda. Kowa ya san abin da ke tsakaninsu."

Abin da Hamdatu ba ta sani ba shi ne, shekara uku Sherifa ta yi tana kai wa Abdul-Ganiyu waake, shinkafa da wake irin na Ghana, da yajin shito tashar bas kafin ya yi aure, yana godiya yana raba wa abokan aiki.

A cikin jirgin ƙasa ta sa wayarta ta fassara saƙon. Nuria na da saurin baki, wayar ba ta kama komai ba sai guntaye. Amma guntayen sun ishe ta: Musa yana jiranka. Kada ka gaya wa matarka.

Ba ta koma flat ɗinsu ba sai don ta kwashi kaya. Ɗakin jaririn ne ya ƙarasa karya mata zuciya. Abdul-Ganiyu ya manna wa kowane abu 'yar takarda da sunansa, don ta koya kafin ta haihu. A jikin gadon jariri ya rubuta *cuna*. A doguwar kujerar ba yaro abinci, *trona*. A kujerar lilo da ya ce a nan za ta riƙa shayarwa, *mecedora*. Kullum sai ya tambaye ta, in ta ci ya ba ta dabino, in ta faɗi ya cinye a gabanta yana dariya.

Ta fizge takardun duka, ta tsaya da su a hannu tana kuka kamar ranta zai fita.

Da la'asar tana gidan mahaifiyarta a Dagenham.

"Na faɗa ko ban faɗa ba?" Hajiya Zinatu ta tafa hannu. "Mutumin da ba a san kakansa ba, wanda ya tashi a hannun Nasara! Mahaifinki Allah ya jiƙansa likita ne, jikan alƙali. Kika rufe ido kika ce sai direban bas. To ga shi nan."

"Umma, ina sonsa..."

"So ba ya sayen asali."

Ranar Lahadi da rana ya iso. Daga tagar sama ta hango shi, ya durƙusa a bakin ƙofa cikin yayyafi.

"Umma, na yi ƙarya, na amsa. Ba Manchester na je ba. Ki bar ni in yi mata bayani, minti biyu kawai."

"Wanda ka je ɗaukowa, ka ɗauko shi?"

Ya ɗago a firgice. "Eh, Umma. Yana gida."

Hamdatu ta saki tagar. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Yana gida! Ka ji min rashin kunya," in ji Hajiya. "Ranar Laraba bayan la'asar ƙanina Almu zai same ka a masallacin Barking. Ka rubuta mata takardarta."

"Ita ta ce tana so?"

"Ita ta ce."

"Hamda!" Ya ɗaga murya yana kallon sama. "Hamda, rabin raina, ki leƙo in ga fuskarki kawai!"

Ba ta leƙa ba. Ta toshe lambarsa, ta tura kanta cikin filo.

Kwana uku ba ta iya haɗiye komai sai ruwan shayi. Ƙafafunta suka kumbura, kanta na sara kamar ana faskare a ciki. Ranar Laraba tana da awo. Hajiya ta sauke ta a asibiti, ta wuce kasuwa sayen kayan miya.

Ungozomar da ta auna ta farar mace ce, gajeriya, an rubuta Marisol a ƙirjinta. Ta duba na'urar, ta sake aunawa, fuskarta ta canza.

"Jininki ya hau sosai. Yau ba za ki koma gida ba. Me ke damunki haka?"

Hamdatu ta buɗe jaka neman katinta, sai takardun nan suka zubo. Marisol ta ɗauki ɗaya.

"*Cuna!* Wa ke koya miki yarenmu?"

Hamdatu ta zuba mata ido. Da kunnen wata ta ji saƙon da zai kashe mata aure. Ko mutuwa ce, tana so ta sake ji daga bakin wanda bai san ta ba.

"Don Allah ki saurari wani saƙo, wata ta riga ta fassara min shi. Kada ki tausaya min. Kalma bayan kalma nake so."

Marisol ta kara wayar a kunne. Tun saƙon bai yi nisa ba ta fara murmushi.

"Ta ce *el moisés* yana jiransa. Ta wanke shi, ta shanya shi a rana kwana biyu, ta ɗinke hannunsa ɗaya da ya tsinke."

"Ta shanya... yaron?"

"Wane yaro?"

"Moisés!"

Marisol ta daina murmushi. Ta ja kujera ta zauna, ta juya bayan wata takarda ta zana ɗan kwando mai hannu biyu.

"Wannan shi ne *moisés*. Kwandon da ake kwantar da jariri sabon haihuwa, kafin ya isa hawa *cuna*. Daga sunan Annabi Musa aka samo shi, wanda mahaifiyarsa ta sa a kogi. Ai kun san labarin."

"Kwando..."

"Kwando. A cikinsa mahaifiyar mijinki ta kwantar da shi yana jariri. Aro aka ba ta, domin ba ta da komai. Mai saƙon ta ce kada ya gaya miki, don surukarsa ta riga ta ce ba abin da zai fito daga wancan gidan ya taɓa jikanta. Wai ya bari sai kin haihu."

Hamdatu ta tuna. A gabanta Umma ta faɗi maganar nan ranar da aka kawo kayan jariri, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

"Akwai saura," in ji Marisol. "Saƙon tsohuwarta ne, Mama Pilar, ta ce a gaya masa: *Eres de buena cuna, aunque la cuna fuera prestada.*"

"*Cuna* gado ne. Na san wannan."

"Gado ne, amma ba nan ta tsaya ba. Garin da abu ya samo tushe, *cuna* muke ce masa. Gidan da mutum ya fito ma *cuna* ne. In muka ce wane *de buena cuna* ne, muna nufin ɗan asali ne, ɗan gidan mutunci. Cewa ta yi: kai ɗan asali ne, ko da gadon naka na aro ne." Ta miƙa mata wayar. "Wanda ya fassara miki da farko, ko dai bai iya ba, ko ba ya ƙaunarki."

"Ta iya," in ji Hamdatu a hankali. "Wallahi ta iya."

Idonta ya faɗa kan agogon bango. Uku da kwata. La'asar saura minti ashirin.

Ta diro daga gadon.

"Ina za ki?"

"Barking! Za su sa ya sake ni!"

"Ba inda za ki. In kika faɗi a hanya, ke da abin da ke cikinki ne. Kira shi."

Ta buɗe lambarsa ta kira. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake. Ta sake. A karo na biyar aka katse. Ta kira Kawu Almu, wayarsa a kashe. Ta rubuta da Hausa, ta rubuta da Turanci, saƙonnin suka shiga ba wanda ya buɗe.

"Ya yi fushi... an ce masa ni na nemi takardar. Ya Allah, ka rufa min asiri! Ya Allah..."

Ta kama hannun Marisol da ƙarfi.

"Ki koya min. Yaya ake cewa ka yafe min? Yaya ake cewa ka zo?"

Marisol ta faɗa mata sau uku, ta rubuta mata a tafin hannu. Hamdatu ta danna wurin ɗaukar murya, hawaye na shiga mata baki.

"*Perdóname. Ven... ven, mi vida.* Ina asibiti. *Trae el moisés.* Abdul, *eres de buena cuna.* Na ji da kunnena. Kada ka rubuta, don Allah kada ka rubuta..."

Ta tura. Uku da rabi ta wuce. Huɗu saura kwata. Aka mai da ita ɗakin kwanciya, aka ɗaura mata ruwa, aka liƙa mata na'urar jin bugun zuciyar jariri. Hajiya ta dawo ta tarar da ita haka, ta zube a kujera tana salati. Hamdatu ta juya wa bango fuska. Duk takun da ta ji a waje sai zuciyarta ta buga, ya zo ya wuce.

Biyar saura minti goma aka turo ƙofar.

Yana haki, hularsa a karkace, ya rungume wani tsohon kwando da ya yi ja don daɗewa.

"Ka rubuta?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

"An ba ni biro. Na ce wa Kawu sai na yi alwala tukuna. A wurin alwalar na buɗe saƙonki." Ya durƙusa a gefen gadon. In hankalinsa ya tashi Hausar zango ce ke dawo masa, ba ya raba mace da namiji. "Ka yafe ni, Hamda. Ni na yi ƙarya. Kunya na ji."

"Na ɗauka ɗa gare ka a can. Sherifa ta ce Moisés ɗanka ne."

Ya kalle ta, ya kalli kwandon, ya runtse ido. "Innalillahi... Shi ya sa Umma ta tambaye ni ko na ɗauko shi?"

"Kai kuma ka ce yana gida!"

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda. Ya kifa goshinsa a kan hannunta.

"Kada ka ƙara ɓoye min komai, ko mai ɗaci ne."

"Na yi alkawari."

Hajiya ta miƙe tsaye. "Wai wannan tsumman ne ake ta tashin hankali a kansa?"

"Umma." Hamdatu ba ta taɓa katse ta ba sai yau. "A ciki mahaifiyarsa ta kwantar da shi. Ba ta bar masa hoto ba, ba ta bar masa gida ba. Matar da ta ara mata shi, ita ta riƙe maraya shekara goma sha huɗu, ba ta taɓa sa masa naman alade a baki ba, ita ke raka shi ƙofar masallaci ta tsaya a waje. In wannan ba gidan mutunci ba ne, Umma, ki nuna min wanda yake."

Na'ura ta ci gaba da fitar da bugun zuciyar jaririn.

Hajiya ta matso. Ta shafa bakin kwandon, ta duba ɗinkin hannun, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Yaya sunan mahaifiyar taka?"

"Awawu, Umma."

"Hauwa'u ke nan. Allah ya jiƙanta." Ta ja hanci, ta gyara mayafi. "Katifar ciki ba za ta yi ba. Zan ɗinka wata."

Jinin bai sauka ba. Washegari da hantsi likitoci suka yi mata aiki, suka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya mai ƙarfin kuka. Abdul-Ganiyu ya yi mata kiran salla a kunne, ya yi mata huɗuba da Hauwa'u. Sherifa ta aiko da saƙon barka, Hamdatu ta goge ba ta buɗe ba.

Ranar da aka sallame su ya kira Almería ta bidiyo. Nuria ta riƙe wa Mama Pilar, tsohuwa mai farin gashi, wayar. Shanyewar ɓarin jiki ta karkatar mata da baki, amma da ta ga jaririyar sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta dafe ƙirji, hawaye na bin kumatunta.

Hajiya na gefe tana ninke zannuwa kamar ba ta gani. Can ta ajiye, ta matso kusa da kunnen 'yarta.

"Ke, yaya ake cewa an gode da yaren nasu?"

"*Gracias*, Umma."

Hajiya Zinatu ta karɓi wayar da hannu biyu, ta ɗan rusuna yadda ake yi wa manya.

"Girasiyas," ta ce. "Girasiyas, baiwar Allah. Kin riƙe mana yaro."