Takardar da Aka Yanke Daga Fayil

Sufeto ya sauka ɗakin adana bayanai na Kwalejin Likitanci yana dafa bango. Saura wata huɗu ya yi ritaya, ga shi an turo shi neman takarda guda.

Mai kula da ɗakin, wata dattijuwa mai tabarau, ta buɗe masa fayil ɗin wani ɗalibi da aka kora shekara talatin baya kan satar amsa. 'Yar takardar da aka tsinta ƙarƙashin kujerarsa ranar jarrabawa, wadda aka ɗinke cikin fayil ɗin, ita ce babu. An yanke ta tsaf.

Dattijuwar ta rantse ba wanda ya shigo a makon nan. Sufeto ya leƙa kwandon shara, ya ɗauko ledar wuƙar tiyata.

"Hajiya, aiki kike wa mutane a nan?"

Ta sunkuyar da kai.

Wadda ta nemi fayil ɗin 'yar korarren ce, ma'aikaciyar jinya. Da Sufeto ya je wurinta, ta ce mahaifinta na kwance rai a hannun Allah, kuma tun tana ƙarama yake cewa rubutun ba nasa ba ne, amma bai taɓa faɗin na wane ne ba. So take ta wanke shi.

"Wa kika gaya wa?"

"Baffana kaɗai. Shi ne shugaban sashen tiyata. Ajinsu ɗaya da Baba."

Baffan, wanda farfesa ne, ya karɓi Sufeto da fara'a, ya ce rabonsa da ɗakin nan ya fi shekara goma. Sufeto ya miƙa masa biro, ya roƙe shi ya rubuta hakan da hannunsa.

Sufeto ya sake saukowa ɗakin adana bayanan a gajiye. Wannan karon dattijuwar ba ta ja ba. Ta ce Farfesa ya zo ranar Talata, ya ce ta ba shi wuri minti goma. Shi ya yi wa ɗanta aiki, ta kasa hana shi. Amma kafin nan ta riga ta ɗauki hoton takardar don yarinyar. Ta jawo shi daga durowa.

Sufeto ya jera takardun biyu a teburin farfesa. Rubutu ɗaya ne, har karkatarsa.

Farfesa ya daɗe yana kallo.

"Ni na rubuta. Da na ga mai sa ido ya nufo ni, na ture ta da ƙafa wajen Yaya. Ya gane hannuna, bai ce uffan ba."

Ya cire farar rigarsa ya rataye, ya roƙi a biya da shi ya ga yayansa. Sufeto ya kira 'yar, ya saurara, ya mayar da wayar aljihu.

"Ta ce tun jiya ya daina gane mutane. Mu je, Farfesa."